"Mata masu ciki" ko "mutane masu ciki": wace kalma, a wace takarda?

Hauwa Tafinta
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga ma'aikatan asibiti da lauyoyin da ke cikinmu ce. Takardun lafiyar haihuwa da ake rubutawa a Amurka da Birtaniya a 'yan shekarun nan, da yawansu sun bar cewa "mata masu ciki", sun koma "mutane masu ciki", ko "masu haihuwa", ko "masu bakin mahaifa". Hujjar masu yin haka ita ce akwai waɗanda aka haifa mata, suka sauya jinsi suna rayuwa a matsayin maza, da wasu da ba sa kiran kansu mace ko namiji, kuma mahaifarsu na nan, suna iya ɗaukar ciki. Masu suka kuwa cewa suke ana goge sunan mace daga maganar da ta fi shafarta a duniya. Ba hukuncin addini nake nema ba, ba kuma ra'ayin jam'iyya ba. So nake in san a wace takarda sauya kalmar ke gyara wani abu, a wacce kuma take ɓarna.

Dakta Sani
Wa alaikumus salam Malama Hauwa. Bari in fara daga inda ake rasa rai. A watan Mayun 2019 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga labarin wani majiyyaci ɗan shekara 32 da ya je sashen gaggawa da matsanancin ciwon ciki. Mace aka haife shi, ya sauya jinsi, fayil ɗinsa na cewa namiji. Ya faɗa wa ma'aikaciyar jinya tarihinsa, ya kuma ce gwajin ciki da ya yi a gida ya nuna akwai. Ita dai abin da ta gani shi ne namiji mai ƙiba, mai hawan jini, da ya daina shan magani, sai ta sa shi cikin waɗanda za su iya jira. Sai bayan awanni aka gane naƙuda ce, igiyar cibiya ta riga jariri saukowa, aka haifo shi babu rai.

Da fayil ɗin ya ce mace, ba wanda zai ajiye ta a layi. Ciwon ciki, hawan jini, gwaji ya nuna ciki: kowane ɗalibin likita ya san jijjiga ake tsoro. Matsalar ita ce gurbi ɗaya a fayil da aka ɗora wa aiki biyu, wato yadda za a kira mutum da kuma gaɓoɓin da ke jikinsa. Gyaran shi ne a raba su. Gurbi na farko jinsin da aka haifi mutum da shi. Na biyu yadda yake rayuwa da sunan da yake so a kira shi. Sannan ɗan jerin gaɓoɓi: mahaifa na nan ko an cire, bakin mahaifa fa, ma'ajiyar ƙwai fa, nono fa. Dokar gwajin ciki kafin hoton CT ko tiyata sai ta rataya a kan mahaifa, ba a kan sunan da ke jikin kati ba.

Wani abu kuma da ake yawan kuskurewa: allurar testosteron, sinadarin maza da masu sauya jinsi zuwa namiji ke amfani da shi, kan tsayar da jinin al'ada cikin 'yan watanni, amma ba maganin hana ɗaukar ciki ba ce. Ƙwai na iya fita ba tare da an ga jini ba, kuma sinadarin na cutar da ɗan tayi, dole a dakatar da shi idan ciki ya shiga.

Ungozoma Ladi
Dakta, na yarda da kai a kan fayil, ɗari bisa ɗari. Amma takardar da ake liƙawa a bango ko ake miƙa wa mutum a hannu wani abu ne daban, kuma a nan ne nake ganin an yi asara.

Ɗauki gwajin kansar bakin mahaifa. A Ingila ana gayyatar 'yan shekara 25 zuwa 64. Idan ka rubuta "duk mai bakin mahaifa ya zo gwaji", ka ɗauka cewa mai karatu ta san tana da shi. Wani bincike da ƙungiyar Jo's Cervical Cancer Trust ta yi a 2017 ya nuna kusan rabin matan da aka tambaya ba su iya faɗin mene ne bakin mahaifa daidai ba. Wannan a ƙasar da kusan kowa ya yi makaranta ke nan. Wadda ba ta yi karatu mai zurfi ba, ko wadda Turanci ba harshenta ba ne, za ta karanta ta wuce, ba ta san da ita ake ba. Kuma su ne dai waɗanda cutar ta fi kashewa, domin su ne ba sa zuwa gwaji.

Sai kalmar "iyaye" a madadin "uwa". Akwai umarnin da uwa kaɗai ya shafa: a ɗora jariri a ƙirjinta fata da fata da zarar an haife shi, a sa shi a nono cikin awa ɗaya, kada a raba su. Idan takarda ta ce "kada a raba jariri da iyayensa", asibiti zai iya miƙa shi ga uba a waje ya ce ya cika umarni, alhali nonon na ɗakin tiyata. Karleen Gribble da abokan aikinta sun jero irin waɗannan matsaloli a wata maƙala a 2022, kuma duk wadda ta yi aikin ɗakin haihuwa za ta gane su.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne "shayarwa da ƙirji" da wasu ke rubutawa a madadin "shayarwa da nono". Mai jego ta ce nononta na ciwo, tunaninka ya tafi ga kumburin nono ko toshewar hanyar ruwa. Ta ce ƙirjinta na ciwo, sai ka tashi tsaye, domin gudan jini ne a huhu ko zuciya har sai an tabbatar ba su ba ne. Waɗannan kalmomi biyu bai kamata su gauraya a bakin ma'aikaci ba.

Zainab Kemis
Anti Ladi, gaskiya ne, amma kada a ɗauka cewa "mata" kullum ita ce kalmar da ta fi daidai. Akwai inda ta yi faɗi da yawa, akwai inda ta yi ƙunci.

Misali maganin ƙurajen fuska isotretinoin, wanda ke nakasa ɗan tayi sosai. A Amurka akwai tsarin iPLEDGE da ke kula da bayar da shi: gwajin ciki sau biyu kafin a fara, gwaji kowane wata, hanyoyin hana ɗaukar ciki guda biyu, maganin wata ɗaya kacal a hannu, kuma a karɓe shi cikin kwana bakwai da yin gwajin. Da can rukuni uku ne: mata masu iya haihuwa, mata marasa iyawa, da maza. Wanda ya sauya jinsi aka rubuta shi namiji sai ya tsallake duk wannan shinge alhali yana da mahaifa. A Disambar 2021 aka mayar da su biyu: masu iya ɗaukar ciki da marasa iyawa. A nan sabuwar kalmar ta fi tsohuwar kaifi, domin tambayar da maganin yake yi ke nan. Ba ruwansa da suna.

Haka "mata masu shekarun haihuwa". Ta haɗa da wadda aka cire wa mahaifa, ta kuma bar yarinya 'yar shekara 12 da ta fara al'ada. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagoranta na kula da zubar da ciki na 2022, ta yi amfani da "mata, 'yan mata ko sauran masu ciki". Ƙari ta yi, ba ta cire kowa ba.

Ungozoma Ladi
A takardar magani na yarda, ƙanwata, domin likita da mai ba da magani ne ke karanta ta. Fosta kuwa ba su take nema ba.

Nura Ƙididdiga
Bari in shigo da lissafi, domin nan ne ɓarnar take faruwa shiru ba wanda ya lura.

Idan edita ya bi takarda yana sauya "mata" da "mutane" ba tare da ya duba lambobi ba, alƙaluma sukan zama ƙarya. Cutar endometiriyosis, wadda nama irin na cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta, tana kama kimanin mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa, wajen miliyan 190 a duniya. Ka ce "mutum ɗaya cikin goma", ka zuba maza da yara da tsofaffi cikin lambar da ake rabawa da ita, jimlar ta tashi daga gaskiya. Haka idan bincike mata kaɗai ya ɗauka: ba ka da ikon rubuta "mutane" a rahotonsa, domin ka faɗaɗa sakamakon zuwa waɗanda ba a gwada ba.

Tambayar ƙidaya ma darasi ce babba. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021 an tambayi mutane ko jinsin da suke ɗaukar kansu shi ne wanda aka yi musu rajista da shi lokacin haihuwa. Kimanin 262,000 suka ce a'a, wato kashi 0.5 cikin 100. Da aka duba sai aka ga Newham da Brent a Landan ne kan gaba, unguwannin da baƙi suka yi yawa, kuma waɗanda ba su iya Turanci sosai ba sun fi waɗanda Turanci ne harshensu cewa a'a ninki da yawa. Alama ce cewa ba su fahimci tambayar ba. A Satumbar 2024 aka sauke waɗannan alƙaluma daga matsayin ingantattun alƙaluman hukuma. Kowa ya yi asara, har da waɗanda aka so a ƙirga, domin yanzu ba a iya tsara musu hidima da lambar.

Kanada ta yi tambaya biyu a ƙidayarta ta 2021: jinsin haihuwa daban, jinsin da mutum yake rayuwa da shi daban. Ta samu 100,815 daga 'yan shekara 15 zuwa sama, kashi 0.33 cikin 100, wajen mutum ɗaya cikin 300. Wannan tsarin shi ne dai abin da Dakta ya faɗa a kan fayil. Kuma lambar tana nuna girman abin: mutanen na nan, amma kaɗan ne, kuma ba dukkansu ne masu mahaifa ba.

Hajiya Bilki
Malam Nura ya kawo ni inda nake so. A 2023 mata kimanin 260,000 suka mutu a dalilin ciki da haihuwa, wajen kashi 70 cikin 100 a Afirka kudu da Sahara. Ba don suna "mutane" suka mutu ba. Sun mutu ne don ana aurar da su da wuri, ba su da kuɗin kansu, sai an ba su izini kafin su fita, ana ɗaukar lafiyarsu a matsayin abin da zai iya jira. Duk wannan mace ake yi wa shi saboda mace ce. In ka cire sunan, ka cire dalilin.

Kuma a duba yadda abin ya tafi. A Satumbar 2021 mujallar likitoci ta Lancet ta sa a bangonta jimlar da ta kira mata "jikuna masu farji". Babban editanta Richard Horton sai da ya nemi afuwa. A wancan watan dai ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta Amurka, ACLU, ta wallafa kalaman marigayiya mai shari'a Ruth Bader Ginsburg na 1993 a kan haƙƙin mace ta yanke shawarar haihuwa, ta cire "mace" ta sa "mutum" a bakin matar da ta riga ta rasu. Shugaban ƙungiyar Anthony Romero ya amsa cewa kuskure ne. Kiran mace da sunan gaɓarta ko da aikin jikinta shi ne abin da aka daɗe ana yaƙi da shi a asibitoci.

Sannan akwai yarjejeniyoyin duniya. Sashe na 12 na CEDAW, yarjejeniyar kawar da wariya ga mata ta 1979, shirin Alƙahira na 1994, na Beijin na 1995, sashe na 14 na yarjejeniyar Maputo ta 2003, duk a kan mata da 'yan mata aka gina su. A Majalisar Ɗinkin Duniya kalmar da aka riga aka amince da ita garkuwa ce. Ka buɗe ta don ka ƙara wani abu, ƙasashen da dama ba sa son sakin layin sai su samu ƙofar rage shi gaba ɗaya.

Barista Aminu
Hajiya, maganarki tana da tushe a shari'a, bari in nuna inda yake, sannan in nuna inda ba na tare da ke.

A 1974, a shari'ar Geduldig, Kotun Ƙolin Amurka ta duba tsarin inshorar jihar Kalifoniya da ya cire ciki daga abin da yake biya. Ta ce ba wariyar jinsi ba ce, wai an raba jama'a ne gida biyu: mata masu ciki da mutane marasa ciki, kuma akwai mata a gida na biyu. A 1976 ta maimaita wannan a shari'ar Gilbert kan ma'aikata. Sai da majalisa ta yi doka a 1978 ta rubuta ƙarara cewa wariya saboda ciki wariya ce saboda jinsi. Kotun Tarayyar Turai ta bi wata hanya a shari'ar Dekker ta 1990: ta ce tunda mace kaɗai ake iya hana aiki saboda ciki, hanawar wariyar jinsi ce kai tsaye. A ranar 24 ga Yunin 2022, da Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin Roe na 1973, wanda ya ba da haƙƙin zubar da ciki, a shari'ar Dobbs, ta sake jingina da Geduldig don ta ce dokar zubar da ciki ba rarrabewar jinsi ba ce. Don haka lauyan da ke son ya ce hana kulawar ciki zalunci ne ga mata yana buƙatar kalmar "mata" a hannunsa.

Amma akwai ɗaya gefen. Ƙasar da ta ba mutum damar sauya jinsinsa a takardun hukuma, sannan ta rubuta haƙƙi da sunan "mace" kaɗai, ta bar rami. Ailan ta ba da wannan damar a dokar 2015. A 2018, bayan ƙuri'ar raba gardama, ta yi dokar zubar da ciki da ta ce "mace" na nufin ta kowane shekaru, ba ta ambaci wanda takardarsa ke cewa namiji ba. Gwamnati ta ce dokar ta haɗa da su, amma ba a rubuta hakan a cikinta ba. Ajantina ta toshe ramin tun farko: dokarta mai lamba 27.610, da aka zartar a Disambar 2020, ta ba da haƙƙin har zuwa mako 14 ga mata da kuma masu wani jinsi da ke iya ɗaukar ciki. Sunan mace na nan a gaba, sauran na biye.

Birtaniya ta gwada cirewa. Tun 2007 ake rubuta dokokinta ba tare da nuna jinsi ba, sai a 2021 aka kawo ƙudurin hutun haihuwa ga ministoci, saboda minista Suella Braverman da ke da ciki a lokacin, aka rubuta "mutum". Majalisar dattawa ta ƙi, aka mayar da shi "uwa".

Abin da nake gaya wa masu tsara doka: ku bar "mace" a jikin sassan, ku sa jimla ɗaya a sashen ma'anar kalmomi da ke cewa haƙƙin ya shafi duk mai ciki ko mene ne aka rubuta a takardarsa.

Hajiya Bilki
Jimla ɗaya a sashen ma'ana ba ni da ja da ita, Barista. Abin da na ƙi shi ne a bi shafi hamsin ana goge mu.

Zainab Kemis
Hajiya, ai ba kowa ne ya goge ba. Asibitocin Brighton da Sussex na Ingila, da aka yi ta surutu a kansu a Fabrairun 2021, abin da jagoransu ya ce shi ne a ƙara kalmomi, kuma a yi amfani da sababbin ga wanda ya nema, mace kuma a ci gaba da kiranta uwa. Jaridu ne suka ba da labarin kamar an hana cewa nono.

Ungozoma Ladi
Haka ne. Amma ƙari ma yana da tsada. "Mata da sauran masu ciki" sau ɗaya a saman takarda ba komai. Sau ashirin a shafi ɗaya sai jimloli su yi tsawo, mai karatu a hankali ta gaji kafin ta kai ga alamomin haɗari, waɗanda su ne dalilin takardar.

Dakta Sani
Bari in ƙara abin da gyaran fosta bai taɓa ba, domin shi ya fi damuna. Shekaru da yawa tsarin gayyatar gwajin bakin mahaifa na Ingila yana zaɓo sunaye ne daga jinsin da aka yi wa mutum rajista da shi a wurin likitansa. Wanda ya koma "namiji" a rajista sai wasiƙa ta daina zuwa, komai kyawun kalmomin fosta. A Amurka kuma kwamfutar inshora kan ƙi biyan gwajin mahaifa ga fayil mai cewa namiji, har sai an sa lamba ta musamman, lamba 45 a tsarin inshorar lafiya na gwamnati, Medicare, don a nuna ba kuskure ba ne.

Ko an zo gwajin ma akwai aiki. Testosteron na sa fatar farji da bakin mahaifa ta yi siriri ta bushe. Wani bincike a Boston a 2014 ya samu kimanin kashi 11 cikin 100 na samfuran waɗanda suka sauya jinsi zuwa maza ba sa karantuwa a ɗakin gwaji, alhali na sauran mata bai kai kashi 2 ba. Abin yi: ƙaramin ƙarfen dubawa, man shafawa isasshe, a rubuta a takardar ɗakin gwaji cewa mutum na kan testosteron don kada a ɗauki sauyin ƙwayoyin a matsayin cuta, inda kuma akwai gwajin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo kansar bakin mahaifa, da mutum ke ɗaukar samfuri da kansa, a ba shi zaɓi. Asibitin da ya sauya fosta ya bar waɗannan, bai yi wa kowa komai ba.

A ɗakin ganin likita kuwa abin mai sauƙi ne. Mutum ɗaya ne a gabanka. Ka tambaye shi yadda yake so a kira shi da sunan da yake kiran gaɓoɓinsa, ka bi, amma a fayil ka rubuta sunan gaɓar na likitanci.

Hauwa Tafinta
Na gode ƙwarai. To ga nawa ciwon kan. Turanci na iya ɓoye jinsi har ƙarshen jimla. Hausa fa?

Malam Kabiru
Malama Hauwa, rabin wannan rigimar ba ta ma tasowa a Hausa, rabi kuma ta fi ta Turanci tsanani.

"Mai ciki", "mai juna biyu", "mai jego", "mai shayarwa": babu jinsi a cikinsu ko kaɗan. A jam'i kuma wakilin suna ba ya rarrabewa. "Masu juna biyu su zo awo" jimla ce da kowa ke faɗa, ba ta cire kowa ba, ba kuma wanda zai ji an goge mace. Saboda haka "mutane masu ciki" fassara ce marar amfani. "Mutane" ɗin nauyi kawai ta ƙara, har tana iya sa mai sauraro ya yi tunanin masu tumbi. "Shayarwa" ma ba ta ambaci nono ko ƙirji ba, don haka waccan gardamar ba ta da wurin zama.

Tilo ne matsala. Da zarar aikatau ya shigo sai kin zaɓa: ta zo ko ya zo, kina jin ciwo ko kana jin ciwo. Hausa na nuna jinsi har a wanda ake magana da shi, kamar Larabci. Harsuna irin su Turkanci da Farisanci da Suwahili ba su da wannan a wakilin suna. Suwidin ta shigar da sabon wakilin suna marar jinsi cikin ƙamusunta a 2015, amma wannan kalma ɗaya ce. A Hausa sai an taɓa kowane aikatau. "Ya/ta" da "ka/ki" a rubuce suna yiwuwa a fom, amma ba a iya karanta su a rediyo, kuma suna wahalar da mai koyon karatu.

Sai tarkuna biyu. Na farko "jinsi": kalma ɗaya muke fassara kalmomin Turanci biyu da ita, ta halitta da ta yadda mutum ke ɗaukar kansa. In takarda ta bambanta su, dole ki bambanta: "jinsin haihuwa" da "jinsin da mutum yake rayuwa da shi". In ba haka ba kin maimaita kuskuren ƙidayar Ingila. Na biyu "mata-maza". Wannan a wurin mai jin Hausa wanda aka haifa da al'aura marar fayyacewa ne, yanayi ne na halitta da likitoci ke kula da shi daban. Ba shi ne mai sauya jinsi ba, kuma "ɗan daudu" ma wani abu ne daban. Sa ɗayansu a takardar lafiya kuskure ne na ma'ana, ban da zafin da kalmar ke ɗauke da shi.

Barista Aminu
Ƙari ɗaya ga mai fassara: ki duba ranar takarda da ƙasar da ta fito, domin ƙasa na motsi a ƙarƙashin kalmomin nan. A Fabrairun 2024 gwamnatin shugaba Javier Milei ta hana salon rubutu marar nuna jinsi a ma'aikatun Ajantina, amma dokar 27.610 na nan da kalmominta. A ranar 20 ga Janairun 2025 Donald Trump ya sa hannu a umarnin da ya ce gwamnatin tarayyar Amurka jinsi biyu ta sani, aka sauke ko aka gyara shafukan hukumomin lafiya da dama. A ranar 16 ga Afrilun 2025 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa "mace" a dokar daidaito ta 2010 na nufin jinsin halitta. Doka, hukunci, yarjejeniya da kalaman da aka ɗauko daga bakin wani, waɗannan ki fassara abin da suka ce daidai, ko kin so ko ba ki so. In asali ya ce "mutum" kada ki mayar da shi "mace", in ya ce "mace" kada ki mayar da shi "mutum". Ma'anar shari'a na rataye a wurin.

Hauwa Tafinta
Na ji. Takardar wayar da kai fa, wadda aka ba mai fassara damar daidaita ta da masu karatu? Ga gwaji: "Gwajin bakin mahaifa na mata ne da duk mai mahaifa, daga shekara 25 zuwa 64. Ku zo ko da ba ku jin ciwon komai."

Ungozoma Ladi
Jam'in ya yi kyau, kuma "mata" na gaba. Amma gyara "mai mahaifa". Akwai tiyatar da ake cire mahaifa a bar bakinta, mai irin wannan na buƙatar gwaji; wadda aka cire mata duka kuwa galibi ba ta buƙata. Sai ki ce "da duk wanda ba a cire masa bakin mahaifa ba", ko ki ware shi a layi na biyu: "In an taɓa yi muku tiyatar cire mahaifa, ku tambayi ma'aikacin lafiya ko gwajin ya shafe ku." Ki kuma ƙara rabin jimla da ke bayyana bakin mahaifa, cewa shi ne ƙofar mahaifa da ke buɗewa lokacin haihuwa.

Kafin a buga, ki karanta wa mutum goma zuwa goma sha biyar daga waɗanda aka yi takardar dominsu, ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba, domin a taro kowa kan bi amsar wanda ya fara magana. Kada ki tambaya "kin gane?", kowa zai ce e. Ki tambaya: da wa ake? ke ya shafe ki? me za ki yi gobe? In biyu ko uku sun kasa amsa ta farko, ki sake jimlar ki gwada da wasu sababbi.

Malam Kabiru
"Wanda ba a cire masa ba" ya dawo mana da namiji a tsakiyar jimla, Anti Ladi, mace za ta yi tuntuɓe a kai. Layi na biyun da kika kawo ya fi, tunda "muku" ne. Malama Hauwa, ki ɗauki wannan, ki bar "ku" tun daga farko har ƙarshe.